Yayana Mai Gyaran Giya da Kalmar da Na Hana Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana, makanike mai gyaran giyar mota, ya rasu ranar Laraba da hantsi, a gidansa da ke bayan tashar Jega, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Kafin azahar layin gidan ya cushe da motoci, har mai amalanke ya rasa ta inda zai bi. Ban san akwai sauran tsofaffin direbobi da yawa haka a ƙasar nan ba sai ranar. Wasu daga Maiyama, wasu daga wajenmu Aliero, wasu ma an ce tun daga Yawuri suka taso. Ina daga cikin gida ina hango su ta ƙofar zaure, suna nuna wa juna bayan hannu. Kowa da tabonsa a gaɓar yatsa, inda Yaya ya taɓa ƙwala masa sifana don ya ɗora hannu a kan sandar giya mota na tafiya. Wani tsoho ya ɗaga nasa sama yana dariya yana hawaye, yana cewa, "Ga tawa shaida! Wallahi tun ranar ban ƙara aza hannu inda ba a ce in aza ba."

A cikin gida kuwa mata sun samu abin yi. Wata maƙwabciya ta dafa ƙirji ta ce, "Allah sarki, mutum mai sanyin hali." Na juya na dube ta da kyau, don in tabbata gidan makokin da take nufi ta shigo. Sanyin hali! Wannan matar da bakinta ta taɓa ce mini ko akuyarta ba ta yarda ta bi ta ƙofar garejinsa. Amma mutum na mutuwa sai a wanke shi sau biyu, sau ɗaya da ruwa sau ɗaya da ƙarya, kuma na biyun ya fi fitar da shi fes. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ba na so a manta da Yaya, kuma ba na so a musanya mini shi da wani salihin bawa da ban taɓa gani ba.

Da aka gama suturta shi, aka ce matan gida su zo su yi bankwana kafin maza su ɗauka. Muka shiga ɗakin. Matarsa ta durƙusa ta ce ta yafe masa duniya da lahira. 'Ya'yansa mata suka faɗa, ƙannen mahaifinmu da suka rage suka faɗa. Aka zo kaina. Ni ce kaɗai wadda muka fito ciki ɗaya da shi, kowa ni yake jira. Na ce, "Allah ya jiƙan ka, Yaya."

Matarsa ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali, "Goggon yara, ƙarasa mana."

Na ce, "Na ƙarasa."

Aka ɗauke shi ban ce na yafe ba. Kafin a dawo daga maƙabarta maganar ta zagaye gidan, har ta kai kunnen wanda ban so ta kai ba, wato ɗana na fari.

Sai na yi bayanin wannan ɗan, don duk rigimar a kansa take. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da zamansa. Ranar da aka yaye shi aka ɗauke shi daga Aliero aka kai wa Yaya riƙo a Jega, don a lokacin bai samu namiji ba. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni kunya ba za ta bar ni in ce a'a ba. Ya tashi yana kiran Yaya Baba, ni kuma yana kira na Goggo kamar sauran 'ya'yan gidan. In zan yi maganarsa da Yaya sai in ce "ɗanka". Haka muka rayu, ina ganin girmansa ta wutsiyar ido.

Shi kuwa Yaya, Allah ya ba shi abu guda, ya hana shi saura. Giya ya sani. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa waya, in ka kawo masa matsalar birki zai nuna maka hanya da haɓa. Kafin aurena ni ke kai masa abinci gareji, don haka na ga aikinsa har na gaji da gani. In aka kawo mota, ba ya fara kwance komai. Sai ya tsiyayi tsohon man giya a tafin hannu, ya fita rana, ya murza shi da yatsa yana karkata hannun. In ya ga ƙyalƙyalin tagulla a ciki, ya san zoben da ke daidaita haƙoran giya ya cinye. Daga nan ya shiga gefen direba ya ce, "Ja mu tahi." Su kama hanyar Aliero, shi ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi, alhali kunnensa na ƙarƙashin mota. Kafin su kai rabin hanya ya gama sanin ciwon motar, ya gama sanin na mai ita, kuma na mai ita yake fara faɗa.

"Hannunka na daka na," haka yake ce musu. "Giya ba a tura ta, raka ta aka yi. Kai ko kana cusa ta kamar kana ɗura wa jaki magani."

Manyan mutane da rawani sun sha wannan. Wani attajirin hatsi ya taɓa ce masa shi gyara ya kawo, ba karatu ba. Yaya ya miƙa masa makullinsa ya ce ya kai wa wanda zai gyara masa yau ya lalata gobe. Da motocin da ke canza giya da kansu suka yawaita, ya sa musu suna motocin ragwaye, ya ce ko inuwar garejinsa kada su tsaya. 'Ya'yansa suka yi ta roƙonsa ya koya, don aiki na raguwa. Ya ce shi bai ga abin koyo ba a motar da ba ta neman ra'ayin mai ita.

A gida ma haka yake, sai dai a gida ba a samun gyaran da ke biyo bayan faɗan. Bai iya gaisuwar mara lafiya ba, bai iya ta'aziyya ba. Ranar da mijina ya rasu, Yaya ya zo Aliero ya zauna a zaure, abin da ya fara cewa shi ne motar da ta kawo shi kulocinta na ja. Amma kuma shi ne ya aiko aka kwashe albasar da marigayin ya bari a rumbu kafin ta ruɓe, ya tsaya a kanta a kasuwa cikin rana har ta ƙare, bai taɓa tayar da maganar ba. Ina faɗin wannan don kada a ce na ɓoye alherinsa.

Ɗan nawa bai gaji gareji ba da farko. Fataucin albasa ya shiga, Allah ya buɗa masa da wuri, kuma buɗin da ya zo wa matashi da wuri kowa ya san inda yake fara zuwa. Ya sayo wata mota daga Kwatano, ja, mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali. An yi ta ne don gudu kawai. Samarin da ke wasan mota a bukukuwa suka kewaye shi, ya zama shi ne gwaninsu.

Sai Allah ya taimake ni, motar ta zo da ciwo. In za a fita daga giya ta biyu zuwa ta uku sai ta ƙi, ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, dole ya sassauta ƙafa ya lallaɓa ta. Duk gudun da zai ɗauko, nan yake zubewa. Ya kai ta Birnin Kebbi, ya kai ta Sakkwato, aka canza wannan aka canza wancan, ciwon na nan. Bai kai wa Yaya ba don Yaya ya zage shi tas ranar da ya sayo ta. Ni kuwa duk lokacin da ya zo Aliero na ji wannan ƙarar daga bakin titi, sai in yi hamdala a zuciyata. Ban taɓa son wata ƙara a duniya kamar ta ba.

Da na ji ana cewa ya fara aika abokai su ba Yaya baki, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na yafa mayafi na hau mota zuwa Jega, na same shi a gareji yana wanke wasu ƙarafa a cikin kwano. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Yaya, wurinka na zo. Motar ɗanka. Don Allah kada ka gyara ta. Bar ta da ciwonta."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi mutanen da ke zaune a benci, ya yi wata 'yar dariya.

"Auta, yau ke ta da bakin magana kan ɗan hwari? Ina kunyar taki ta tahi?"

Mutanen benci suka sunkuyar da kai. Na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Shekara da shekaru na haɗiye maganar yaron nan, ranar da na buɗe baki sau ɗaya tak abin da na samu ke nan. Duk da haka na danne, na ce, "Na ji, ba ni da kunya. Ka dai yi mani alkawari."

Ya mayar da kansa kan kwanon ya ce, "Ni ba ni taɓa motar banza. Tashi ki tahi gida."

Na ɗauka alkawari ne, kuma har ga Allah ina jin shi ma a ranar haka ya ɗauka. Abin da ya biyo baya matarsa ce ta ba ni labari. Yaron ya gane lagon Babansa. Bai roƙe shi ba, bai ƙara aika kowa ba. Kullum sai ya bi ta gaban garejin, daidai ƙofar ya nemi giya ta uku, motar ta yi wannan kururuwar, ya wuce. Da safe ya bi, da la'asar ya bi. Ta ce Yaya ya koma ko abinci ba ya ci da daɗi. In ya ji motar tafe sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa. Ran wata kasuwar Jega, titi cike da mutane da dabbobi, ya fito tsakiyar hanya ya tare ta da hannu biyu.

"Sauko! Sauko, ɗan banza! Kana kashe ta gaban idona!"

Ya sauke akwatin giyar da hannunsa, ya baje shi a kan buhu. Ya canza zoben tagullar. Ya cire robobin da suka saki a gindin sandar giya ya yanka wasu masu tauri ya sa. Ya rage wa sandar tsawo don hannu ya daina doguwar tafiya tsakanin giya da giya. Ya zubar da man mai kauri da aka ɗura mata a birni ya sa wanda ya dace da ita, ya daidaita kuloci, har kujerun da inji ke zaune a kai ya canza don kada ya riƙa girgiza yana ture giyar. Wanda bai roƙa ba ma ya yi masa. Matarsa ta ce ranar da suka dawo daga gwaji Yaya ya shigo gida yana murmushi, ya ce da yatsa biyu ake sa mata giya yanzu, ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Ta ce masa, "To, Goggon yara hwa?" Ya ce, "Mi ta sani ga mota?"

Ban san komai ga mota ba, gaskiyarsa. Na dai san ranar da yaron ya zo Aliero ban ji ƙarar ba, sai wani sumul da ya wuce kamar an ja zare.

Ba a rufa wata biyu ba, shi da abokansa suna tafiya a jerin motoci ɗaurin auren abokinsa da rana tsaka, a hanyar Maiyama wajen mararrabar Sarandosa, shanu suka fito masa daga gona. Waɗanda ke bayansa sun ce ba su taɓa ganin mota na gudu irin na ranar ba. Ya kauce wa shanun, motar ta bar titi. Shi kaɗai ne a ciki, wannan kam na gode wa Allah. An ciro shi da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara motsi ba har yau.

A asibiti ina zaune a baranda cikin mata, ba ni da ikon yin kuka, don uwar ɗan fari ce ni, sai dai in ba wasu haƙuri. Matar Yaya ce ke birgima ana riƙe ta. Yaya bai iso ba sai bayan la'asar, hannunsa duk baƙin mai. Ashe wurin motar ya fara zuwa. Ya tsaya a kaina, na ɗago ina jiran kalma ɗaya, kowace iri ce. Ya ce:

"Auta, na buɗe na duba. Tana giya ta biyar. Ko haƙori guda bai karye ba. Ba giya ba ta."

Wannan ita ce gaisuwar da yayana ya yi mini a ranar da ɗana ya rasa ƙafafunsa. Mutane sun ce ruɗewa ce, wai shi ma neman abin da zai riƙe yake yi. Wataƙila. Ni dai abin da na gani shi ne mutum ya zo ya wanke aikinsa a gabana, kuma daga ranar har ya koma ga Allah bai taɓa cewa "Auta, kin hwaɗa mani" ba.

Abin da ya yi bayan haka kowa a Jega ya sani, shi ya sa ake ganin ni ce mai baƙar zuciya. Shi ya riƙa goya ƙaton namiji a bayansa yana kai shi bayan gida, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Da yaron ya ƙi cin abinci ya juya wa duniya baya, Yaya bai lallashe shi ba. Ya sa aka ƙera wani gajeren teburin ƙarfe, ya ɗauko shi ya dire a gabansa, ya zube masa akwatin giya a kwance ya ce, "Ƙahwa ka rasa, ba hannu ba. Haɗa." Ya zage shi, ya ƙwale masa yatsu kamar kowa, har ya zama yau duk yankin nan in giya ta gagara wurinsa ake kaiwa. Ya samo keke mai inji mai ƙafa uku ya ɗago birkinsa daga ƙasa ya maido shi hannu, yaron ya koma zuwa inda yake so da kansa. Ya nema masa aure, ya ga jikoki.

Duk na gani, kuma ban ce ƙarya ne ba. Amma ku gane mini: duk wannan alherin ƙara ɗaure yaron ya yi a jikinsa. Wanda ya jawo ciwon shi ne ya zama mai magani, shi ake gode wa. Ni da na hango abin na je na tsuguna, na zama Goggo mai ƙorafi wadda ake gaisarwa da salla.

Da ciwon ajali ya kwantar da Yaya na je. Na zauna a gefen gadonsa, ɗakin ba kowa sai mu biyu, na ce a raina yau kam zai faɗa. Ya daɗe yana kallona, bakinsa na motsi. Na matsa kusa. Ya ce in gaya wa matarsa kunun ya yi tsami. Na tashi na gaya mata.

Bayan addu'ar bakwai na koma Aliero. Washegari da hantsi na ji tsayuwar keke a ƙofar gida. Ɗana ne. Ya ƙi yarda a shigo da shi, ya ce a kira ni zaure. Na fito na tsaya daga gefe kamar yadda na saba, ina kallon bango. Bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Goggo, an ce ba ki yahe ma Baba ba."

Na ce, "Wanga ba zancenka ba na."

Ya ce, "Zancena na. Ƙahwahuna na sunka tahi, ba na kowa ba. Ni na ja motar, ni na taka ta. Kuma ni na yahe mashi tun ina gadon asibiti, in ma akwai abin yahewa. Ke mi ya ɗaukar maki?"

Ban san lokacin da na juyo na dube shi ba, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun yana cikin zani. Ashe har ya fara furfura a gemu. Na ce, "Kai."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai yi kuka, ko ya ce wani abu mai taushi. Amma renon Yaya ne. Ya ɗago ya ce, "To, in ni na, ga ni. Amma wallahi ba ni ƙara taka gidan ga, ni da ɗiyana, in ba ki hwaɗa ba. Ba ni iya zama da wadda ta riƙe Baba cikin kabari."

Kun ji. Mutum yana ƙarƙashin ƙasa, amma ya sake samun yadda yake so a kaina. Na tsaya ina tuna tsugunnin da na yi a gareji, da dariyarsa, da baƙin man da ke hannunsa a barandar asibiti. Na auna su duka, na auna mutumin da ke zaune a gabana cikin keke, hannunsa a kan makulli yana shirin tayarwa. An karɓe shi daga hannuna ranar yaye ban ce komai ba, hanyar Maiyama ta karɓi rabinsa ban ce komai ba. Na ga ba ni da ƙarfin na uku.

Na ce, "Na yahe mashi."

Ya ce, "Duniya da lahira."

Na ce, "Duniya da lahira."

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci, ya yi masa hisabi da sauƙin da shi bai iya yi wa kowa ba. Wannan addu'ar da zuciya ɗaya nake yin ta. Ɗayar kalmar kuwa bakina ya faɗa, ko ta isa inda aka aike ta, wanda ya halicci zuciyar shi ya sani, ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne ɗana ya zare makullin ya sa a aljihu, ya ce a kira maza biyu su shigar da shi ciki. Ranar ya ci tuwo a ɗakina, ina zaune ina kallonsa, har ya miƙo kwano na ƙara masa miya.